Ƙarfen Kwatangwalo: Abin Yi Idan Ya Ba da Matsala, da Yadda Ake Bin Hakki

Tambayar da likitan ƙashi ya yi wa kawuna a nan Zariya gajera ce: "Baba, wane ƙarfe aka sa maka?" Kawu ya dube ni, ni kuma na dubi ɗansa, ɗan ya shiga lalube a leda. Akwai tikitin jirgi, akwai rasit na masauki, har da katin dillalin da ya kai su asibitin a ƙasar waje. Takardar da ke ɗauke da sunan ƙarfen kuwa babu ita. Shekara shida ke nan da aikin, ciwo ya dawo masa a matsematsi, ɗingishi ya ƙaru, kuma ba wanda ya san abin da ke cikin jikinsa. Wannan takarda ita ce ginshiƙin duk abin da zan faɗa a nan, ko ta fuskar magani ko ta fuskar shari'a.

Me ake sa wa mutum?

Kwatangwalo gaɓa ce mai kama da ƙwallo a cikin ƙoƙo: kan ƙashin cinya shi ne ƙwallon, gurbin da ke ƙashin ƙugu shi ne ƙoƙon. Idan gaɓar ta lalace sai a yanke kan ƙashin, a zura doguwar sandar ƙarfe cikin ƙashin cinya, a ɗora mata sabon ƙwallo na ƙarfe ko na tangaran, a kuma kafa sabon ƙoƙo mai shimfiɗar roba mai tauri ko tangaran a ciki. Wani ana riƙe shi da simintin ƙashi, wani kuma jikinsa na da kaushi don ƙashi ya tsiro ya kama shi. Likitan Ingila John Charnley ne ya daidaita wannan tsari a farkon shekarun 1960, kuma aiki ne da ke cin nasara ƙwarai. Wani babban nazari da mujallar Lancet ta buga a 2019 ya nuna kusan 89 cikin 100 na waɗannan gaɓoɓi suna kai shekara 15, kusan 70 suna kai 20, kusan 58 suna kai 25.

Sai dai waɗannan alƙaluma na ƙasashen da yawancin majinyata dattawa ne. A wajenmu da yawa daga masu buƙatar aikin matasa ne masu sikila, waɗanda jini ya daina kai wa kan ƙashin cinyarsu har ya mutu ya lotse. Akwai waɗanda haɗarin babur ko mota ya kawo, akwai masu shan ƙwayoyin sitiroyid ba bisa ka'ida ba don neman ƙiba, sai tsofaffin da suka zame a banɗaki wuyan ƙashi ya karye. Wanda aka yi wa aiki yana ɗan shekara 25 ya sa a ransa cewa wata rana za a sake buɗewa a canza. Ranar nan kuwa abu na farko da likita zai nema shi ne sunan ƙarfe, domin kowane kamfani da irin kayan kwance nasa.

Mataki na farko: tun kafin a shiga ɗakin tiyata

Ko a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika za a yi aikin, ko a Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, ko asibitin kuɗi, ko Indiya ko Masar, ka zauna da likitan da zai riƙe wuƙar da kansa ka tambaye shi: wane kamfani ne ya ƙera, mene ne sunan samfurin, me zai riƙa gogar me (ƙarfe da roba, ko tangaran da roba, ko tangaran da tangaran), da siminti ko babu, kuma idan abu ya ɓaci wa zai gyara, a ina. Kada ka ji nauyi. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta wa ma'aikacin lafiya ya yi maka bayanin zaɓin da kake da shi, da amfani da haɗari da kuɗin kowanne, da harshen da kake ji. In Hausa kake ji, da Hausa za a yi maka, sannan ka sa hannu.

Kowane ɓangare na gaɓar yana zuwa a kwalinsa, da 'yan sitika masu ɗauke da sunan kamfani, lambar samfuri, lambar rukunin da aka ƙera tare, da ranar ƙarewar wa'adi. Ma'aikatan tiyata kan liƙa su a takardar bayanin aiki. Ka faɗa tun da wuri cewa kana son kofin wannan shafi, ranar sallama kuma kada ka fita sai da shi. Ɗauki hotonsa a waya, tura wa mutum biyu a dangi. Idan kai aka ce ka sayo ƙarfen daga wani mai kawo kaya, karɓi rasit mai sunan kamfaninsa da lambobin, ka tambayi rajistar NAFDAC, don ita ke da hurumin kayan asibiti. Biyan miliyoyi ta asusun wani mutum ba tare da takarda ba, wannan ganganci ne.

Jiki ma yana son shiri. Ruɓaɓɓen haƙori, gyambon ƙafa irin na masu sikila, ciwon sanyin fitsari, duk ƙofofi ne da ƙwayar cuta ke bi ta sauka a kan ƙarfe, don haka a warkar da su tukuna. Mai ciwon suga ya daidaita suga, mai shan taba ya ajiye. Mai sikila kuma dole likitan jini ya shiga cikin shirin.

Sai gida, wanda shi aka fi mantawa da shi. Ba a fafe gora ranar tafiya: kafin a dawo da majinyaci a tanadi masai na zama ko kujerar da aka huda, gado mai tsayi, kujera mai hannu wadda ba ta lotsawa, a ɗauke ledar ƙasa mai santsi da duk abin da zai harɗe sanda.

Mataki na biyu: makonni goma sha biyu na farko

A nan ne gocewa ta fi faruwa, wato ƙwallo ya fita daga ƙoƙo, saboda naman da ke kewaye bai gama kamawa ba. Rayuwarmu kuwa kusan duk a ƙasa take: tsuguno a masai, zama a tabarma, tanƙwashe ƙafa a ci tuwo, sunkuyo a ɗauki buta, haye babur. Duk waɗannan su ne ainihin abin da likitoci suka fi hanawa, musamman idan ta baya aka shiga gaɓar. Ƙa'idar da aka saba bayarwa ita ce gwiwa kada ta ɗara ƙugu tsayi idan ana zaune, kada a harɗe ƙafa, kada a murɗa ƙafar zuwa ciki, a sa matashi tsakanin cinyoyi wajen kwanciya. Tsawon lokacin ya danganta da yadda aka yi aikin, don haka maganar likitanka da ta mai gashin ƙashi ita ce gaba.

Salla ita ce inda dattawa ke gardama. Kawu ya sha cewa shi ba zai gaida Ubangiji a kan kujera kamar wani basarake ba. Sai da limamin unguwa ya tuna masa hadisin da ya ce a yi salla a tsaye, in ba a iya ba a zaune, sannan ya sauko. Sujada da zaman tahiya suna lanƙwasa gaɓar sosai, a jira izinin likita.

Idan gaɓa ta goce ba a ɓoye take ba: ciwo mai tsanani farat ɗaya, ƙafa ta gajarce ta juya, ba a iya taka ta. A kwantar da mutum yadda yake a kai shi asibiti, kada a ba shi abinci don mai yiwuwa a sa shi barci a mayar. Kuma don Allah kada a kira mai ɗori. Masu ɗori suna da wurinsu a zukatan mutane, amma jan ƙafar da ke da sandar ƙarfe a ciki yana iya tsaga ƙashin cinya, ƙaramin gyara ya koma babbar tiyata, sannan duk wata hujja ta shari'a ta rushe, don za a ce kai ka jawo.

Na biyu gudan jini. Sha-raɓa ta kumbura, ta yi zafi da ciwo, wannan alama ce jini ya daskare a jijiya. Idan kuma numfashi ya sarƙe ko ƙirji ya ɗauki ciwo, gudan ya tafi huhu ke nan, kuma yana kisa, ba a jiran gari ya waye. Shi ya sa ake ba da maganin tsinka jini na kusan makonni 4 zuwa 5, ake kuma tayar da majinyaci ya taka tun kwana ɗaya ko biyu da aiki. Wanda zai hau jirgi ya dawo daga waje ya tambayi ranar da ya dace ya yi doguwar tafiya.

Na uku, wanda likitoci suka fi tsoro, shi ne ƙwayar cuta ta kama ƙarfen. Kusan mutum 1 zuwa 2 cikin 100 ke gamuwa da wannan, masu sikila da masu suga sun fi haka. Alamominsa: ɗinki ya yi ja, yana tsattsafo da ruwa ko mugunya bayan kwanaki, zazzaɓi, ciwon da ke ƙaruwa maimakon raguwa. Kuskuren da muke yi shi ne mu ce maleriya ce, mu aika kemis a haɗo kafso. Ƙwayar cuta idan ta zauna a kan ƙarfe takan yi wa kanta wata yauƙi da magani ba ya ratsawa, don haka kafson lafar da abin kawai yake yi, kuma yana ɓata gwaji: idan likita ya zuƙo ruwan gaɓar ya kai ɗakin gwaji sai a rasa ƙwayar, a rasa maganin da ya dace da ita. Idan an zo cikin makonnin farko ana iya buɗewa a wanke a bar ƙarfen. In an makara, sau da yawa sai an cire shi gaba ɗaya, a sa na wucin gadi mai magani, a yi kusan mako 6 ana maganin ƙwayar cuta, sannan a sake wata tiyatar. Bambancin kuɗi da wahala tsakanin waɗannan biyun ba kaɗan ba ne.

Akwai kuma ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo, wanda in kaɗan ne ƙarin dunduniyar takalmi ke gyarawa, da taɓuwar babbar jijiyar da ke bi ta bayan cinya har tafin ƙafa ya riƙa faɗuwa. Wannan a faɗa wa likita nan take, a kuma tabbatar an rubuta a fayil.

Mataki na uku: ciwon da ke zuwa bayan shekaru

Gaɓar da ta yi shekaru lafiya sannan ta fara ciwo a matsematsi ko cinya, musamman wajen tashi daga zaune, ko ta fara ƙara, ko ƙafa ta fara gajarta, tana son hoto. Roba na cinyewa a hankali, burbushinta ya sa ƙashin da ke kewaye ya zaizaye, ƙarfe ya yi sako-sako. Likita zai kwatanta sabon hoto da na farko, shi ya sa ba a jefar da tsofaffin hotuna, zai kuma yi gwajin jini don ya tabbatar ba ƙwayar cuta ce ke ci a ɓoye ba.

A nan ne batun ƙarfe mai aibi ke shigowa. A shekarun 2000 an yi yayin gaɓar da ƙwallo da ƙoƙo duk ƙarfe ne, da sunan ta fi ƙarko ga matasa. Sai ya zamana gogayyar na sakin burbushin kobal da kuromiyam, naman wurin ya mutu ya yi baƙi, ruwa ya taru kamar ƙari, sinadaran su shiga jini. A watan Agustan 2010 kamfanin DePuy, reshen Johnson & Johnson, ya janye samfurinsa mai suna ASR bayan rajistar gaɓoɓi ta Birtaniya ta nuna kusan 12 zuwa 13 cikin 100 na buƙatar sake aiki cikin shekara 5. An riga an sa wa mutane kusan 93,000 a duniya. A 2013 kamfanin ya amince ya biya kusan dala biliyan 2.5 ga majinyata kusan 8,000 a Amurka. A 2012 kamfanin Stryker ma ya janye Rejuvenate da ABG II saboda tsatsa a mahaɗar wuyan ƙarfen, aka yi sulhu na fiye da dala biliyan 1 a 2014.

Abin da ya shafe mu kai tsaye shi ne Indiya, inda aka sa wa mutane kusan 4,700 ASR, kuma da aka tashi biyan diyya sai gano yawancinsu ya gagara saboda babu cikakkiyar rajista. Duk wanda aka yi wa aiki a can tsakanin 2004 da 2010 ya kamata ya binciki abin da aka sa masa. Idan ƙarfe-kan-ƙarfe ne, a nemi gwajin kobal da kuromiyam a jini. Hukumar kula da magunguna da kayan asibiti ta Birtaniya ta sa maikrogiram 7 a lita a matsayin ma'aunin da ke sa a zurfafa bincike. Ba kowane ɗakin gwaji ke yin sa ba, likita zai faɗi inda za a aika.

Mataki na huɗu: laifin wa?

Kafin a je wurin lauya a rarrabe abu uku. Akwai matsalar da kan faru ko an yi komai daidai, kamar gocewa ko gudan jini, wadda aka yi maka bayaninta ka sa hannu: wannan ba ta da diyya. Akwai sakaci, wato likita ko asibiti sun yi ƙasa da abin da ƙwararre mai hankali zai yi, kamar sa ɓangarorin da girmansu bai dace da juna ba, ko amfani da wanda wa'adinsa ya wuce, ko yin biris da ɗinkin da ke zubar da mugunya. Sai aibin kaya, inda likita ya yi nasa amma ƙarfen ne ya zo da lahani daga ƙira ko masana'anta. A na biyu asibiti ake bi, a na uku kamfani da wanda ya shigo da kayan.

Wasu na ganin kai ƙara kamar ƙin yarda da ƙaddara ne. Ni ban ga haka ba. Fiƙihu kansa ya san lamuni, wato biyan diyyar ɓarna, kuma hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito ya ɗora lamuni a kan wanda ya yi magani alhali ba a san shi da sanin magani ba. Yafewa alheri ce, amma wanda ya san hakkinsa ne ke yafewa. Kuma rahoton mutum ɗaya kan hana a sa wa wasu goma irin ƙarfen.

Mataki na biyar: tara hujja

Rubuta wa shugaban asibitin wasiƙa kana neman kofin fayil ɗinka: takardar amincewa da ka sa wa hannu, bayanin tiyata da sitikokinsa, jadawalin magunguna, sakamakon gwaje-gwaje, takardar sallama. Kai kofi biyu, a buga maka hatimin karɓa da kwanan wata a ɗaya. Kundin Hakkokin Majinyata na 2018 da Dokar Kare Bayanai ta 2023 duk suna goyon bayan ka samu bayananka. Ka nemi wannan cikin lumana, tun kafin a ji ƙishin-ƙishin shari'a. Tara rasit na komai, har kuɗin mota daga Sabon Gari zuwa Shika. Sami littafi kana rubuta ranar da ciwo ya fara, ranar da ka daina zuwa kasuwa ko ofis, abin da ka rasa.

Idan za a sake aiki, ga abin da ya fi komai: ƙarfen da aka cire. Faɗa wa likita a rubuce kafin tiyata cewa kana son a adana shi, a ɗauki hotonsa da na naman wurin, a kai naman ɗakin gwaji, kada a goge shi ko a kankare, kuma kada a miƙa wa wakilin kamfani ba da saninka ba. In ya tafi, babbar shaidarka ta tafi. Sannan ka nemi ra'ayin wani likitan ƙashi dabam a rubuce.

Mataki na shida: ina ake kai kuka, kuma yaushe?

Fara da lauya, ko da shawara kawai za ka nema, saboda lokaci. Dokar Kare Jami'an Gwamnati ta ba da wata 3 kacal a shigar da ƙara, kuma Kotun Ƙoli ta yanke tun 1998, a wata shari'a da ta taso daga nan Jihar Kaduna, cewa kariyar ta haɗa da hukumomi ba mutane kaɗai ba. Akwai togaciya, amma kada ka dogara da ita. Wasu hukumomin kuma sai an ba su sanarwa a rubuce kafin a maka su kotu. Mutum na can yana jiran amsar kwamitin asibiti sai wa'adi ya wuce. Asibitin kuɗi da kamfani suna ƙarƙashin dokar wa'adi ta jiha wadda ake lissafawa da shekaru, lauya zai faɗi ranar da lissafin ya fara. Marar hali ya gwada Hukumar Ba da Agajin Shari'a, ko reshen Zariya na ƙungiyar lauyoyi, ko asibitin shari'a na Tsangayar Shari'a ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Kongo a nan Zariya.

Ƙorafi kan halin likita yana zuwa Majalisar Likitoci ta Ƙasa ne, ta takardar rantsuwa. Tana iya gargaɗi, dakatarwa ko soke lasisi, amma ba ta biyan diyya, wannan aikin kotu ne. Ƙarfe mai aibi a kai rahotonsa NAFDAC, a kuma kai ƙorafi hukumar kare masu sayayya, FCCPC. Dokarta ta 2018, wadda aka sa wa hannu a farkon 2019, ta ɗora alhakin cutar da kaya mai aibi ya jawo a kan wanda ya kawo shi, ko da ba daga hannunsa ka saya kai tsaye ba, ta kuma ce idan an yi zargin aibi, mai kawo kayan ne zai kare kansa da hujja. Ga majinyaci wannan hanya ta fi ta sakaci sauƙi.

Gaskiya kuwa shari'ar sakaci tana da wuya. A 2006 Kotun Ƙoli ta kori ƙarar wata mata da allurar ɗinki ta karye ta zauna a cikinta lokacin tiyata, don ba a tabbatar da sakaci ba. A Ingila ma, a 2018, fiye da mutum 300 sun faɗi a ƙarar da suka kai kan wani samfurin ƙarfen kwatangwalo mai suna Pinnacle, kotu ta ce ba su nuna aibi ba. Ba tare da ƙwararren likitan da zai tsaya ya ba da shaida ba, ba a zuwa ko'ina, kuma shekaru ake ɗauka. Kuɗaɗen sulhun Amurka da ake ji, galibi na waɗanda aka yi wa aiki a can ne, don haka duk wanda ya ce ka ba shi kuɗin rajista zai karɓo maka daloli, ka riƙe aljihunka. Wanda aka yi wa aiki a waje yawanci a ƙasar zai bi hakkinsa, da lauyan can.

Idan lauya ya yarda ya karɓi kaso daga abin da aka samu maimakon kuɗi a gaba, a rubuta kason da kuma wanda zai biya kuɗin ƙwararru. In kamfani ko asibiti suka ce za su ɗauki nauyin sake aiki, alheri ne, amma kada a sa hannu a takardarsu sai lauya ya karanta, domin sau da yawa akwai layin da ke cewa ka yafe duk wata ƙara nan gaba.

Mu dai wasiƙa uku muka aika wa asibitin can ta imel, da lambar katin kawu, ranar aiki da hoton fasfo ɗinsa, kafin suka turo shafin sitikokin bayan wata biyu. Ƙarfen ba ya cikin waɗanda aka janye. Ƙoƙon ne ya saki, sandar na nan daram, ba wanda za a kai ƙara. Likita ya duba lambobin ya yi odar ƙoƙo da ƙwallon da suka dace da sandar, aka canza su kaɗai ba a taɓa ƙashin cinya ba. Kawu ya koma sahun gaba a masallacin unguwa, da kujerarsa ta roba a gefen dama.